Uwar Shaihu Umar: Nazari A Kan Wadda Babu Sunanta A Bangon Littafi

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar, mutuniyar ƙasar Ɗanbatta

Gabatarwa

A zangon karatu da ya wuce malaminmu na Hausa ya ba mu littafin Shaihu Umar mu karanta, sa'an nan ya ce kowa ta rubuto masa wanda ya fi burge ta a cikin mutanen labarin. Da aka tara takardu, sai ya ga kusan dukanmu Umar muka zaɓa, har da ni. Muka yabi haƙurinsa da iliminsa da tsoron Allahnsa. Malam ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "Duk kun ci. Amma ina mamaki, aji guda na 'yan mata, an rasa wadda ta waiwayi matar da ta ƙetare Sahara."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Da muka tafi hutu sai na sake karanta littafin tun daga farko, ina bin sawun uwar Umar kaɗai. Abin da na gano shi ne nake so in kawo muku a nan, ko zai taimaki 'yan ajin da ke bayanmu, ya kuma sa iyayenmu su ga cewa littattafan da ake ba mu a makaranta suna magana a kan gidajenmu ne.

Mawallafi Da Littafinsa

Wanda ya rubuta Shaihu Umar shi ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a ƙasar Bauci a shekarar 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koma gida yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta nemi malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Watau ke nan mawallafin bai fi shekara ashirin da biyu ba sa'ad da littafinsa ya fito. Daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, yana kan wannan muƙami aka sami mulkin kai a 1960, aka kuma kashe shi a juyin mulkin watan Janairu na 1966.

Littafin bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya shirya shi a majigi a 1976. An gyara wannan majigi an nuna shi a birnin Balin na Jamus a 2018.

Akwai abu guda da ya kamata mai nazari ya riƙe. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma dokar da suka kafa a 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai a 1936. Ashe ke nan ranar da littafin ya fito akwai tsofaffi da yawa a raye waɗanda aka kamo su a hari suna yara. Tafawa Ɓalewa ya rubuta abin da mutanen zamaninsa suka gani da idonsu ne.

Labarin A Taƙaice

Labarin ya buɗe ne a garin Rauta, inda wani babban malami, Shaihu Umar, yake zaune da almajiransa. Suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya kwashe labarinsa ya gaya musu. Mutumin Kagara ne, kuma bai tashi da sanin mahaifinsa ba domin ya rasu tun da wuri. Uwarsa ta auri wani bafaden sarki mai suna Makau. Bayan an dawo daga wani hari a ƙasar Gwari, sai mahassada suka kai sukar Makau wurin sarki cewa ya ɓoye waɗansu bayi daga cikin ganima. Aka kore shi daga gari, ya yi ta gararamba har Allah ya zaunar da shi a Makarfi, ya aika a kawo masa iyalinsa.

Kafin tafiya uwar Umar ta je Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A bayanta aka sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, waɗansu bayin Allah suka tsinci yaron suka riƙe, sa'an nan mahara suka sake faɗa wa wurin, aka kawo shi Kano cikin bayi. A nan ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi garin Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi makaranta har ya zama malami.

Uwarsa kuwa ta bazama nemansa. Ta iso Kano ta tarar an riga an wuce da shi. Wani mutum mai suna Ado ya yi mata alkawarin zai kai ta inda ɗanta yake, ta amince ta bi ayarinsa, ashe mayaudari ne. Da suka kai Murzuk, can cikin ƙasar da ake kira Libiya yanzu, sai aka mai da ita baiwa aka sayar. Ta sha wuya shekara da shekaru. Umar ya girma, ya yi mafarkin da ya tayar masa da begen uwarsa, ya taso nemanta, Allah ya haɗa su a Tarabulus. Ba ta daɗe da ganinsa ba ta cika. A hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar ya tsira, daga ƙarshe ya zauna a Rauta yana koyarwa.

Bambancin Tafiyar Ɗa Da Tafiyar Uwa

Idan muka jera tafiyar mutanen nan biyu, za mu ga abin da Malam yake nufi. Umar yaro ne, ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu. Ba shi ya zaɓi barin Kagara ba, ba shi ya zaɓi Kano ko Masar ba. Kuma kusan duk inda ya faɗa sai Allah ya haɗa shi da mai tausayinsa. Bautarsa ta ƙare da allo da tawada da rawani.

Uwarsa fa? Ita 'ya ce, babu wanda ya kamo ta a hari. Tana da iyaye a Fatika, tana da miji a Makarfi. Da ta zauna ta yi kuka ta ce haka Allah ya ƙaddara, babu wanda zai zarge ta, har ma a yaba mata da tawakkali. Amma ta ɗaura ɗamara ta shiga hanya, a zamanin da namiji mai kwari da baka ma ba ya bin daji shi kaɗai. Ta san abin da ake yi wa mace marar gata a hanyar fatake, domin a gidan bafade take zaune, ta sha ganin bayin da ake shigowa da su. Da saninta ta sa ƙafa.

A nan ne na gane cewa haƙuri iri biyu ne a cikin littafin. Akwai na wanda abu ya faɗo masa ya jure, shi ne na Umar. Akwai kuma na wadda ta tashi ta bi bayan abin da aka ƙwace mata, ana wulakanta ta tana ƙara gaba, shi ne na uwarsa. Mu ɗalibai mun saba da na farko domin shi ake yi mana wa'azi da shi kullum. Na biyun ya fi wuya, kuma a littafin nan mace aka ba shi.

Wani zai ce ai wautarta ce ta sa ta yarda da Ado. Ni ban ga haka ba. Mace ba ta iya ƙetare hamada sai cikin ayari, ayari kuwa na maza ne. Ko dai ta amince da wani, ko ta koma gida hannu rabbana. Laifin yana kan wanda aka ba amana ya ci.

Soyayya Irin Ta Littafin

Ƙawayena da suka saba da littattafan soyayya na kasuwar Kano sun ce babu soyayya a Shaihu Umar, tun da babu zance a zaure, babu wasiƙa, babu kalamai masu daɗi. Ni kuwa ina ganin akwai, sai dai irin ta mutanen da ce, wadda kunya ta lulluɓe. Makau ya auri bazawara mai goyo ya karɓi ɗanta. Da aka kore shi ya rasa kome, bai manta da ita ba, yana samun wurin zama ya aika a zo da ita. Ita ma ba ta ce tun da tauraronsa ya faɗi bari ta nemi wani ba. Abin baƙin ciki shi ne bauta ta shiga tsakaninsu, zaman da suka yi fata a Makarfi bai tabbata yadda suka so ba. Mawallafin ya nuna mana cewa hari yana cin wanda aka kama, yana kuma cin auren waɗanda aka bari a gida.

Gidan Da Ke Ci Daga Hari

Ga wani abu da ban lura da shi ba a karatun farko. Makau mutumin kirki ne a cikin labarin, muna tausayinsa sa'ad da aka yi masa ƙazafi. Amma mene ne sana'arsa? Hari. Rigimar da ta sa aka kore shi, rigima ce a kan yawan mutanen da ya kamo a ƙasar Gwari. Waɗannan mutane su ma suna da uwaye. Watau gidan da ake ci ake sha daga kamun 'ya'yan waɗansu, shi ne aka wayi gari an sace nasa ɗan. Tafawa Ɓalewa bai tsaya ya yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba, ya ajiye abubuwan biyu kusa da juna ne ya bar mai hankali ya gani. Duk sa'ad da na tuna da uwar Umar a Murzuk, sai in tuna akwai wata Bagwariya a gindin dutse wadda ita ma take jiran nata ɗan, ba wanda ya ba da labarinta.

Wata Takwararta A Ƙasar Malaya

Da na gaya wa malamarmu ta Turanci abin da nake rubutawa, sai ta ara mini wani littafi mai suna A Town Like Alice, wanda wani Baturen Ingila, Nevil Shute, ya wallafa a 1950. Labarin wata budurwa ce, Jean Paget, wadda sojan Japan suka kama a Malaya, ƙasar da take cikin Malesiya yanzu, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aka haɗa ta da waɗansu mata da yara, aka rasa sansanin da zai karɓe su, aka yi ta kora su a ƙasa daga gari zuwa gari har wajen rabinsu suka mutu da zazzaɓi da yunwa da gajiya. Jean ta iya harshen mutanen ƙasar, saboda haka ita ta zama bakinsu. Ta ɗauki jaririn wata da ta rasu, ta yar da takalmi da tufafin Turai ta ɗaura zane, daga ƙarshe ta roƙi mai garin wani ƙauye ya bar su su zauna suna dashen shinkafa har yaƙi ya ƙare.

A hanya ta haɗu da wani fursuna mutumin Ostareliya, Joe Harman, wanda ya sato musu kajin wani hafsan Japan don su sami abin ci. Aka kama shi, aka kafe hannuwansa da ƙusa, aka yi masa dukan da ta ɗauka ya mutu. Bayan yaƙi ta ci gadon dukiya, ta koma ƙauyen nan ta haƙa wa matansa rijiya don ta rage musu wahalar ɗaukar ruwa. A bakin masu haƙar rijiyar ta ji cewa Joe yana da rai. Ta bi shi Ostareliya suka yi aure.

Littattafan nan biyu sun yi kama ta wajen cewa a kowanne namiji ne yake ba da labarin macen: a ɗaya ɗanta, a ɗaya kuma wani tsohon lauya mai kula da gadonta. Inda suka rabu shi ne ƙarshe. Jean ta sami miji da dukiya da suna. Uwar Umar ladanta a duniya shi ne ganin fuskar ɗanta sau ɗaya kafin ta rufe ido. Na fi jin daɗin ƙarshen labarin Jean, amma na fi gaskata na uwar Umar, domin mafi yawan matan da aka ƙetara da su Sahara ko wannan gani ɗaya ba su samu ba.

Abin Da Kaka Ta Gaya Mini

Mu mutanen ƙasar Ɗanbatta bai kamata mu karanta irin wannan labari kamar na baƙi ba. Wanda ya ga gonakinmu yau, gero da dawa da gyaɗa gida na jikin gida, ko ya ga cikar kasuwar ranar Lahadi, zai ce ƙasar nan ba ta taɓa ganin tashin hankali ba. Amma tarihi ya nuna bayan da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, daga Ɗanbatta ne Ɗan Tunku ya yi masa tawaye, aka yi ta gwabzawa har ya koma Kazaure. A zamanin Sarkin Kano Alu kuma, wanda ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, mayaƙan Damagaram sun shigo ƙasar Kano ta arewa. Duk inda dawaki suka bi kuwa, mata da yara ne ganima.

Wata rana da dare a wannan hutu ina karanta wa Kakata littafin a tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa. Da na kai inda aka sayar da uwar Umar, sai na ji ta daina ɓara. Ta ce, "Kishiya, rufe littafin nan ki zo kusa." Na matsa. Ta ce kakarta, watau wadda ta haifi uwarta, an taɓa kama ta tana yarinya a lokacin yaƙin Damagaram, ta fita itace da 'yan'uwanta. Mazan gidan suka ce sai haƙuri. Uwar yarinyar kuwa ta sayar da awakinta, ta yi ta kaɗi dare da rana tana sayar da zare tana tara wuri, sa'an nan ta bi fatake ta yi arewa. Sai da damina biyu ta wuce kafin ta komo, riƙe da hannun 'yarta, ta biya fansa.

Na ce, "Kaka, don me ba a taɓa gaya mana ba?" Ta ce, "Saboda gori. Da ta isa aure sai da waɗansu suka ce ba su auren wadda ta kwana a gidan bauta. Daga nan aka rufe maganar." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Da matar nan ta zauna ta yi haƙurin da aka ce ta yi, da babu ni, da babu ubanki, da babu ke."

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Gidanmu yana da jaruma irin ta cikin littafi, amma kunya ta sa mun binne labarinta fiye da shekara ɗari.

Darasin Da Ke Ciki Gare Mu

Da ma a ce wannan duk tarihi ne da ya wuce. Amma a watan Afrilu na 2014 an kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Cibok. An yi irin haka a Dapci a 2018, da Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da Jangebe a watan Fabrairu na 2021. A cikin wannan wata na Fabrairu kuma aka shiga wata makarantar kwana a Kagara ta Jihar Neja, gari mai suna irin na garin su Umar, aka tafi da ɗalibai da malamai. Mu da muke kwana a makaranta mun san abin da iyayenmu suke ji a ransu ranar da suka sauke mu a bakin ƙofa da akwati da garin kwaki, suka juya.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Na farko ga 'yan'uwana ɗalibai: idan aka tambaye ku jigon Shaihu Umar, ku faɗi haƙuri da neman ilimi, gaskiya ne, amma ku ƙara da illar bauta ga iyali, ku kafa hujja da uwar Umar da Makau. Na biyu ga iyayenmu: ku gaya mana labarin kakanninmu mata tun masu saninsa suna raye, ko da akwai ɗaci a ciki. Na uku gare mu duka: duk wadda Allah ya kuɓutar daga hannun masu garkuwa ta dawo gida, kada a tarbe ta da gori ko a guje ta wajen aure. Ba ita ta yi abin kunya ba, wanda ya kama ta shi ya yi.

Tambayoyi Don 'Yan Aji Huɗu

1. Kawo garuruwa huɗu da aka ambata a tafiyar uwar Umar da ta ɗanta, ka nemo su a taswira.
2. Kwatanta halin Abdulkarim da na Ado wajen riƙon amana.
3. Mece ce sana'ar Makau, kuma yaya ta shafi abin da ya sami iyalinsa?
4. Tambayi wata tsohuwa a gidanku ko unguwarku abin da ta ji daga magabatanta game da zamanin hari, ka rubuta shi da Hausa mai kyau.

Ni dai na sake rubuta amsar tambayar Malam na kai masa, ko da yake an riga an ba da maki. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya jiƙan kakanninmu, ya komo da duk waɗanda ke hannun azzalumai gidajen iyayensu lafiya, amin.